Gansakuka a Idon Kyamara: Nazarin Hotunan Kurmin Hunturu

Hunturun kudu maso yammacin Ingila na ruwa ne: yayyafi ba dare ba rana, hazo mai laima, rana ta fito a makare ta faɗi da wuri. A lokacin ne masu ɗaukar hoto ke tururuwa zuwa Wistman's Wood, wani ɗan kurmi a tuddan Dartmoor, inda gajerun itatuwan oak suka murɗe a tsakanin manyan duwatsu, gansakuka ta lulluɓe dutse da reshe baki ɗaya. Hotunan irin wannan wuri sun zama fanni mai zaman kansa, da ƙa'idojinsa da kuma lahaninsa.

Gansakuka ba ta da saiwa ta gaskiya, ba ta fure, ba ta 'ya'ya. Da ganyenta take shan ruwa, ganyen kuwa a yawancin nau'o'inta kaurinsa bai wuce ƙwayar halitta ɗaya ba. In ta bushe sai ta ƙanƙance ta dushe, da ruwa ya taɓa ta kuma cikin 'yan mintuna ta miƙe shar. Ga shi a hunturu itatuwa sun zubar da ganye, haske ya samu hanyar isa ƙasa, sauran kurmin ya koma ruwan toka, ita kaɗai ke riƙe da kore. Gajimare kuma ya tace hasken, babu inuwa mai kaifi. Shi ya sa gwanaye ke kafa kyamara a kan mariƙi mai ƙafa uku saboda ƙarancin haske, su ɗora gilashin da ke kashe ƙyallin ruwa domin ainihin launin ya fito.

Inda nake da ja da wannan fanni shi ne hoton da ya fi kasuwa: hazo a baya, murɗaɗɗen itace a tsakiya, sannan a hau kwamfuta a ƙara wa koren ƙarfi har ya zama launi guda. Nau'in gansakuka a duniya ya kai wajen 12,000, kuma a kan dutse ɗaya kana iya samun mai ruwan zinariya, mai duhu, da mai haske-haske. Wannan kwalliya takan shafe su duka, ta mayar da tsiro mai rai tamkar darduma da aka shimfiɗa wa itace. Hoton ya yi kyau, amma mai kallo bai ga gansakuka ba.

Hotunan da suka fi burge ni su ne na wanda ya durƙusa ya matso. A nan za ka ga siraran tsinkaye jajaye sun taso daga cikin koren, kowanne da ɗan kwanso a kansa, mai murfi, cike da ƙwayoyin haihuwa masu laushin ƙura. Ɗigon ruwa guda ya fi kwanson girma. Da yake a irin wannan kusanci ɗan wuri kaɗan ne ke fitowa tar, sai mai hoto ya ɗauka sau da yawa, yana matsar da saiti kaɗan-kaɗan, daga baya ya haɗe hotunan. Aiki ne na haƙuri da jiƙewar gwiwa.

Akwai kuma ɓarnar da hoto ke janyowa. Gansakuka ba ta saurin girma, kuma da yake riƙonta ga dutse ba mai ƙarfi ba ne, takalmi ɗaya kan ɓamɓare abin da ya yi shekaru yana tofowa. Hoto ya yaɗu a Instagram, jama'a su biyo sawu, har ta kai masu kula da Wistman's Wood na roƙon baƙi su zagaya ta gefe maimakon ratsawa ta ciki. Mutanen Japan sun riga su ɗaukar mataki: lambun Saihoji da ke Kyoto, mai nau'in gansakuka kusan 120, tun 1977 ba a shigarsa sai an nemi izini tun da wuri. Wasu masu hoto yanzu sun daina faɗin inda suka ɗauki aikinsu, kuma ina ganin sun kyauta.