Dutse da Ƙasa: Sharhi a kan Ma'aunin Adana Gine-ginen Tarihi, daga Pula zuwa Sifawa

A birnin Pula na ƙasar Kuroshiya, a bakin Tekun Adiriyatik, akwai wani haikali, wato ɗakin bauta, wanda Rumawa suka gina da dutse a zamanin sarkinsu Agustas, wanda ya mutu a shekara ta 14 Miladiyya. Ginshiƙai huɗu ne a fuskarsa, kuma littattafan tarihin gini kan jera shi cikin haikalan Rumawa da suka fi tsira da kamanninsu. Maƙasudin wannan sharhi shi ne a duba wannan hukunci na "tsira", a ga abin da ke ƙarƙashinsa, domin da shi ne yawancin 'yan bokonmu suke auna wuraren tarihinmu, musamman irin su Sifawa da Boɗinga a ƙasar Sakkwato, su kuwa wuraren nan da ƙasa aka gina su.

Da farko dai, haikalin Pula bai tsira don an ƙyale shi ba. Bayan shuɗewar addinin Rumawa an mai da shi coci, daga baya kuma ya zama rumbun hatsi. Yana da ɗan'uwa da aka gina kusa da shi, wanda yanzu bangon bayansa kaɗai ya rage, a cikin jikin ginin majalisar gari. Abin da ba a cika ambatawa ba shi ne, a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu bom ya faɗa wa haikalin ya rusa yawancinsa, sai aka tattara duwatsun aka sāke ɗora su, aka gama a 1947. Ashe ke nan abin da baƙo yake kallo a yau gyararren gini ne. To, me ya sa gyaran ya yiwu? Dalili shi ne an daɗe da auna ginin a takarda. Palladio, gwanin gini na Italiya, ya sa zanensa a littafinsa na 1570, kuma Turawan Ingila biyu, Stuart da Revett, sun auna shi a ƙarni na 18, aka buga aikin nasu a 1816. Dutse ya taimaka, babu shakka, amma ba don sanin kamannin ginin da aka ajiye ba, da tulin duwatsu kawai za a samu.

Shekarar nan ta 1816 ita za ta dawo da mu gida, domin a wajajenta ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya kammala tafsirinsa Liya'ut Ta'wili, a zamanin da yake zaune a Boɗinga. Bayan cin Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu ya bar Gwandu ya koma Sifawa, kusa da Boɗinga, wajen 1810, ya zauna yana karantarwa da wallafa har 1815 lokacin da ya ƙaura Sakkwato, inda ya rasu a 1817. A zaman Sifawa ne, a 1812, aka raba kula da daula, gabas ga Muhammadu Bello, yamma ga Abdullahi. A cikin waɗannan 'yan shekaru aka rubuta Infaƙul Maisuri da Tazyinul Waraƙati da Najmul Ikhwani. Saboda haka babu mai gardamar matsayin waɗannan garuruwa biyu. Amma ɗalibin da ya saba ganin hotunan ginshiƙan Rumawa, in ya je can, yakan dawo yana cewa bai ga kome ba. Wannan magana tana da kuskure, tana kuma da 'yar gaskiya, kuma ya kamata a rarrabe su.

Kuskuren yana ga ma'aunin. Ginin ƙasa ba a yin sa don a gama a tafi. Tubali da azara da makuba suna bukatar hannu kowace shekara: a yi yaɓe kafin damina, a gyara indararo, a canja azarar da gara ta ci. Harshen ma ya nuna haka. Bahaushe ba shi da kalmar yabo ga ginin da aka daina amfani da shi. In rufi ya faɗi mutane suka fita, kango ne. In gari ya watse, kufai ne. Duk biyun kuwa kalmomin takaici ne. Masallaci "raya" shi ake yi, kuma rayawa ta haɗa salla a ciki da gyaran jikinsa. Wanda ya nemi ainihin ƙasar da aka kwaɓa a 1810 ya nemi abin da maginan da kansu ba su yi niyyar bari ba. Masana na duniya ma sun sassauto a kan wannan. Yarjejeniyar Banis ta 1964 ta fi mai da hankali ga ainihin kayan da aka yi gini da su, amma Takardar Nara ta 1994 ta yarda cewa kowace al'umma da yadda take gane sahihancin abin gadonta, har da sana'a da amfani da wuri. Masallacin Jenne na Mali, wanda gininsa na yanzu na 1907 ne, kowace shekara mutanen gari suke taruwa su yaɓe shi, ba wanda ya ce ya zama jabu.

Sai dai kuma a nan ne wasu daga cikinmu suke samun mafaka wadda ba ta dace ba. Sukan ce tun da al'adarmu sabuntawa ce, to rushe ginin ƙasa a sa bulo da suminti da kwano ma sabuntawa ce. Ni ban yarda ba. Yaɓe yana riƙe siffa, yana kuma riƙe magini, domin a wurin gyaran ne yaro yake koyon ɗaurin guga da bakan gizo daga ubangidansa. Suminti kuwa sau ɗaya yake sallamar su duka. Abin da ya sami Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na zamanin Sarki Abdulkarimu, ya isa misali: a shekarun 1970 aka kewaye abin da aka bari na tsohon ginin da sabon gini na zamani. Abin da ya rage mana asarar shi ne aikin Dmochowski, wanda ya auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya, har aka gina kwatankwacin masallacin a gidan tarihi na Jos. Wato abin da ya ceci Pula shi ya ceci rabin Zariya: awo da zane.

A nan 'yar gaskiyar ɗalibin nan take. Magabatanmu sun adana Sifawa da Boɗinga da alƙalami, kuma sun yi ƙoƙari ƙwarai, amma abin da ya dame su shi ne mutane da ilmi da yaƙi da hukunci. Raulul Jinani na Waziri Giɗaɗo zai gaya maka waɗanda suka kewaye Shehu da karamominsa. Ba littafin awon bango ba ne, ba a kuwa rubuta shi don haka ba. Wannan hanya ta ci gaba har zamanin boko. Alhaji Shehu Shagari, wanda garinsu Shagari yake gaba da Boɗinga a kan hanyar Tambuwal, tun yana malamin makaranta ya tsara Waƙar Nijeriya a 1948 don koyar da labarin ƙasa da tarihi, kuma shi da Jean Boyd suka fitar da littafi a kan shugabancin Shehu a 1978. Duka ayyuka ne masu daraja, duka kuma na kalma ne. Mu ma a sassan Hausa na jami'o'i haka muka gada: kundayen digiri a kan waƙoƙin masu jihadi sun cika kanta, amma kalmomin magina, waɗanda su ma harshe ne, mun bar wa sashen zanen gine-gine, inda Hamman Tukur Sa'ad ya yi digirinsa na uku a kan gwanayen magina a 1981, da Turanci.

Kada kuma a ce rubuta gini baƙon abu ne gare mu. Clapperton, da ya zo Sakkwato a 1824, ya ba da labarin wani masallaci da Giɗaɗo yake ginawa, ya ce shugaban maginan mutumin Zazzau ne, wanda ubansa ya je Masar ya kuma bar masa takardunsa na gini. In haka ne, akwai lokacin da magini a ƙasar nan yake da takarda kamar yadda malami yake da ita. Haka nan ba daidai ba ne a ce duk matsalar rashin dutse ce. Surame, birnin Kanta na ƙarni na 16, da dutse aka yi ganuwarsa, yana cikin Jihar Sakkwato, yana kuma cikin wuraren tarihin da gwamnati ta amince da su, amma kufai ne, domin babu mai zama a ciki.

Abin da Sifawa da Boɗinga suka fi Pula da shi shi ne ba su mutu ba. Haikalin Agustas ya rasa masu bautarsa tun fiye da shekara dubu da ɗari biyar, yanzu ɗakin ajiye sassaƙe-sassaƙen dutse ne. A Sifawa kuwa har gobe ana kiran salla, kuma dattawa suna iya nuna wa baƙo wuraren da ake dangantawa da Shehu. Wannan ilmi na baka shi ne ya fi bango saurin faɗuwa. Aikin da ke gaban ɗalibin Hausa, tun kafin a kai ga neman kuɗin hukuma, shi ne ya zauna da dattawan unguwa da tsofaffin magina, ya rubuta sunan kowane fili da rijiya da ƙofa da karin harshen Sakkwatanci yadda suke faɗa, ya tambayi wane gyara aka yi a zamanin wane hakimi, sa'an nan ya nemi abokin aiki mai igiyar awo su zana abin da ya rage na ƙasa kafin damina ta gaba.