Sharhi a Kan Ma'aunin Daraja da Sana'a a Ƙasar Bagudo

A shekarar 1959 M. G. Smith ya wallafa nazarinsa a kan yadda Hausawa ke auna darajar mutum, inda ya raba sana'o'i gida biyu: karda, wato wadda aka gada, da shigege, wadda mutum ya shiga da kansa. Shekara tara kafin nan, jam'iyyar NEPU ta riga ta raba jama'a zuwa sarakuna da talakawa. Malamanmu sun daɗe suna koyar da waɗannan ma'aunai biyu kamar babu na uku. A ganina, ko ɗaya bai game ƙasar Bagudo ba.

Smith dai a ƙasar Zazzau ya yi yawancin bincikensa. Lalle ma'auninsa ya dace da Basarken da ya gaji su a kogin Kwara, da maƙeri, da makiyayi. Amma Illo zangon fatake ne a kan hanyar goro ta Gwanja, kuma tun da Ingila da Faransa suka shata iyaka a 1898, ita kanta iyakar ta zama hanyar abinci. Wa ya gaji fito a Lolo ko Tsamiya? A nan jari da sanin mutane ke ɗaga mutum, ba asali ba.

Ma'aunin NEPU kuwa ya zuba mai motocin kaya da ɗan dakonsa cikin kwando ɗaya, tun da dukansu ba su da sarauta. Rufe iyaka da aka yi a watan Agusta 2019, da hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, sun tona wannan kuskure. Mai jari ya karkata dukiyarsa wani wuri, ɗan dako da ɗan acaba suka rasa na cefane.

Haka ma rikicin manoma da makiyaya. Mun saba kiransa faɗan ƙabila, alhali sau da yawa shanun na attajirin gari ne, gonar kuma aro ce. Masu faɗan duka 'yan ƙwadago ne.

Saboda haka ina roƙon malamai, in sun zo wannan darasi, su sa ɗalibi ya tambaya: wa ke da dukiyar, wa ke yin aikin, wa ke ɗaukar asarar? Dattawa kuma su taimaka da abin da suka gani da idonsu, tun suna raye.