Indomie ba ta ƙwace tukunya ba, mu muka sakar mata

Duk wanda ya bi titunan Tamale bayan sallar isha'i, daga Aboabo zuwa Sabonjida ko Lamashegu, ya san teburan da nake nufi. Fitila a rataye, kasko a kan gas ko gawayi, kwalayen Indomie a jere, kiret ɗin ƙwai a gefe. Mai sayarwa ta tafasa taliyar ta tsane, ta juye a mai da albasa da attarugu da ɗan kabeji, ta fasa ƙwai, kafin ka gama gaisawa da na kusa da kai an miƙo maka a roba. A da abincin ɗalibai ne da gwagware. Yanzu ya shiga gidajen aure, ya kai har ƙauyukan da birni ke ta matsowa kusa da su irin Gbalahi, inda za ka gan shi a ƙaramin kanti tare da sabulu da ashana. A waya kuma, ko a Facebook ko a TikTok, 'yan mata sai gasar nuna sabon salon dafa ta suke yi.

Ni ba na cikin masu tsine mata. Dattawa da yawa in an ambaci Indomie sai su taɓe baki, su ce matan zamani sun lalace, ba sa son wahala. Mai wannan magana yawanci bai taɓa riƙe muciya ba. Kafin tuwo ya iso gabansa sai an kai masara injin niƙa, an tankaɗe, an hura wuta, an yi talge, an tuƙa har kafaɗa ta yi tsami, an kwashe, ga miyar ayoyo ko ta kuka tana jiran nata lokacin. Matar da ta wuni a kasuwar Aboabo tana ciniki, ko malamar asibiti da ta tashi aiki da magariba, da wane ƙarfin za ta yi wannan kullum? Ga gawayi ya yi tsada, gas ya fi shi. Ga kuma abin da maza ba sa sa wa a lissafi, wato ruwa. Tamale gari ne da famfo kan yi kwanaki bai kawo ba, ruwan da ake turowa daga Dalun bai ishi yadda garin ya bunƙasa ba, kuma tukunyar tuwo da ta miya da kwanuka duk ruwa suke ci wajen wanki. Abincin da zai nuna cikin 'yan mintuna a tukunya ɗaya, da ruwa kofi biyu, dole ya samu karɓuwa. Wanda yake son a daina, ya fara sayo gawayin ya ɗebo ruwan tukuna.

Taliya mai saurin nuna irin Indomie, asalinta ma don irin wannan matsin aka ƙirƙiro ta. Wani ɗan kasuwa a Japan mai suna Momofuku Ando ne ya fito da ita a 1958, a ƙasar da ba ta daɗe da fita daga yunwar bayan yaƙin duniya na biyu ba. Dabarar ita ce a turara taliyar sannan a tsoma ta a tafasasshen mai. Man ya kori ruwan jikinta ya bar ƙananan ƙofofi, shi ya sa da ta ji ruwan zafi take laushi nan take, shi ya sa kuma take da maiƙo tun kafin mai suya ta ƙara nata. Indomie kuwa 'yar Indunusiya ce, ta fito a 1972. Ta shigo Najeriya a ƙarshen shekarun 1980, kamfanin Tolaram da abokan hulɗarsa suka kafa mata masana'anta a Ota ta jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, daga baya aka ƙara wasu a Fatakwal da Kaduna. Yau Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen cin irin wannan taliya, kuma a Gana kamar a can, kowace iri ka sayo, Indomie za a kira ta.

To ina matsalata da ita? Tana cikin ɗan ƙullin nan na sinadari da ake yagewa a zazzage.

Wannan ƙulli gishiri ne mafi yawansa, sai kayan ƙara ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a wuni, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, yaro kuma ƙasa da haka. Ku tsaya ku kalli yadda ake dafa ta a gidajenmu da bakin titi. A zuba ƙullin duka, in leda biyu ce ƙulli biyu, a murmusa dunƙulen magi a kai, a yanka sosej wanda shi ma da gishirinsa ya zo, a kawo shito a ɗora. Saurayi ya ci wannan da sha ɗayan dare ya kora da lemon kwalba ya kwanta. Hawan jini ba ya sallama in zai shigo, kuma ba sai mutum ya yi furfura ba.

Amma abin da ya fi damuna ya wuce lissafin gishiri. Girki a wurinmu hannu ne. Mata biyu za su sayi kayan miya a tebur ɗaya, su dafa miya iri ɗaya, yaro ya ɗanɗana ya ce wannan ta Inna ce, waccan ta Goggo. Ana koyon wannan ne da tsayuwa kusa da murhu: yaushe albasa ta isa, yaya ake gane daddawa ta saki jikinta, wane ganye ne ba ya son daɗewa a wuta. Mai dafa Indomie ba ta ɗanɗanawa, don babu abin da za ta gyara, an riga an yanke mata hukunci a masana'anta. Ta gidan Hajiya da ta ɗakin ɗalibin jami'ar UDS da ta mai shayi a Kano duk bakinsu ɗaya. Yaron da ya tashi a kan wannan ɗanɗano mai kaifi, in aka sa masa tuwo da miyar yakuwa sai ya ce ba daɗi, kuma ba ƙarya yake yi ba, harshensa ne aka saba wa da ihu har ya daina jin magana a hankali. Uwa ta gaji da rigima ta ce a dafa masa abin da yake so. Daga nan an rufe ƙofa.

Kuma yaron bai ƙoshi da abin kirki ba. Fulawa ce da mai da gishiri. Ciki zai cika, jiki bai samu abin gini ba. A yankinmu, wanda binciken lafiya na ƙasa na 2022 ya nuna yana sahun gaba wajen tsumburewar ƙananan yara, bai kamata mu ɗauki cikar ciki a matsayin ci ba.

Abin haushin shi ne maganin yana kasuwa ɗaya da cutar. Daddawa tana nan a Aboabo, mata na dafa kalwa su sussuke su rufe ta kwanaki har ta yi, sana'ar da aka gada tun kaka da kakanni. A nan ƙasar Dagbon ɗorawa ba itacen banza ba ce, al'ada ta sa ta ƙarƙashin ikon sarauta, ba kowa ke hawa ya tsinka yadda ya ga dama ba. Mutanen da suka ba wa itace wannan matsayi sun san abin da ke cikin 'ya'yansa. Ga busasshen ƙananan kifi da ake dakawa, ga zogale a bayan gida, ga alayyafo, ga ƙwan zabo da damina, ga cukun Fulani da ake kira wagashi, ga ƙuli-ƙuli. Babu ɗaya daga cikinsu da ke buƙatar awa guda a wuta. A zuba rabin ƙullin a ajiye rabi, ko a bar shi gaba ɗaya. A soya albasa da tumatir da ɗan daddawa da dakakken kifi, a watsa zogale ko alayyafo a ƙarshe, a juye taliyar. In akwai sauran dafaffen wake na safe a zuba. Mintuna biyar aka ƙara a kan aikin, amma abin da ya sauka abinci ne, kuma da hannun mai gidan a cikinsa.

Mu ba baƙi ba ne ga taliya. A Kano da Zariya mata sun daɗe suna murza tasu a ɗan injin hannu, su shanya a igiya, a dafa a ci da manja da yaji. Ba wanda ya ce taliyar murji ta kashe girki, domin mai ita ce ke haɗa yajinta. Mu kuma ba baƙi ba ne ga abincin sauri: ɗanwake minti nawa yake ɗauka? Kwaɗon zogale fa, ko gari da wake? Waɗannan ba su da allon talla a bakin titi, ba su da waƙa a talabijin, ba a raba su kyauta a makarantu, iyakar bambancin ke nan.

Akwai kuma batun aljihu, wanda ba zan daɗe a kai ba don kowa ya ji a jikinsa. Gana ba ta noma alkama, daga waje ake sayo ta da dala. A 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɗaga farashin alkama, sidi kuma ya faɗi, hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari a watan Disamba. Gidan da ya mayar da Indomie abincin dare ya ɗaura cikin 'ya'yansa a kan canjin dala, alhali masara da dawa da doya da waken suya a gonakin da ke kewaye da mu suke fitowa.

Bari in ɗan ratse, don akwai wani abin da ke yawo a wayoyi tare da bidiyon Indomie, wanda ke ba mutanenmu dariya. Turawa ne a Amurka da Ingila suke gasa wa karnukansu biskit a gida. Mace ta sa rigar girki, ta auna garin hatsi da tunkuzar gyaɗa da kabewa, ta yanka su da siffar ƙashi, ta sa a tanda. Mu a nan kare na gadi ne ko na farauta, wurinsa waje, abincinsa ƙanzo da sauran tuwo da dusa, kuma ba na kira ga kowa ya canza wannan. Amma na daina dariya da na gane dalilinsu. Da yawansu sun koma yi da kansu ne don sun juya bayan ledar na kanti sun karanta abin da aka zuba, bai kwanta musu ba. Wato mutum ya tsaya ya karanta abin da karensa zai ci. Mu nawa ne muka taɓa juya ledar Indomie muka duba adadin gishirin kafin mu ba ɗan shekara uku?

   

Na ambaci Gbalahi tun farko, kuma da dalili. Nan ne babban jujin da ake kai sharar Tamale. Duk farantin Indomie ɗaya na bakin titi yana barin ledar waje, da 'yar ledar sinadari, da farar robar da aka zuba, da cokalin roba, da baƙar ledar da aka ƙulle. Tuwo ba ya barin komai sai ƙanzo, tubani a ganye ake naɗe shi. Mai ci a tsakiyar gari ya jefar ya manta, abin da bai toshe kwata ba mota ta kwashe ta kai Gbalahi, inda mutane ke noma da kiwo da renon 'ya'ya kusa da ƙuda da wari da hayaƙi. Sauƙin da muka samu a kicin, wani ne yake biyan sauransa a ƙofar gidansa. Wanda ke zuwa sayen Indomie da kwanonsa daga gida, kamar yadda ake zuwa sayen koko da waake tun da, bai yi ƙauyanci ba.

Na san za a ce na cika fi'ili, talaka abin da ya samu yake ci. Gaskiya ne, da babu gara ba daɗi, kuma daren da babu komai a gida sai leda ɗaya, a dafa ta a ci a gode wa Allah. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin masu cin ta kullum ba rashi ne ya sa su ba. Kuɗin leda biyu da ƙwai biyu da sosej a bakin titi zai sayi abin da zai ciyar da mutum fiye da ɗaya in aka shiga kasuwa da shi.

Don haka ga roƙona. 'Yan'uwana mata, ku riƙe ta a matsayin taliya kawai, ku ƙwace haɗin ya dawo hannunku, kuma ranar da kuka samu sarari kuka ɗora tuwo, ku kira yaran, maza da mata, su tsaya kusa da murhu. Masu sayarwa a titi, ku gwada ajiye daddawa da zogale a teburinku ku tambayi mai saye ko a rage masa sinadari, za ku yi mamakin masu cewa a rage. Ku kuma iyayen gida maza, in kuna son tuwo sau bakwai a mako, ku ajiye kuɗin gawayi da na niƙa da na ruwa kafin ku fita da safe.