Littafin La Tahzan da Maganar Sa'ada

Littafin La Tahzan na Shaihu A'id Alƙarni, malamin nan na Saudiyya, ya shiga hannun matasanmu sosai a nan Sabo, wasu na Larabci, wasu fassarar Turanci. Ban ce kada a karanta ba. Akwai ayoyi da hadisai da labaran magabata, wanda kasuwa ta juya wa baya zai samu abin sanyaya rai. Maimaici dai ya yi yawa, abin da babi biyu zai ɗauka an ja shi ɗaruruwan shafuka.

Inda nake da ja shi ne, mai karatu yakan rufe littafin yana zaton sa'ada ita ce rashin baƙin ciki. To ai ba haka malamai suka fahimce ta ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta Kimiya'us Sa'ada, ya fara da sanin kai, sannan sanin Allah, sannan duniya da lahira. A wurinsa kowace gaɓa da abin da take jin daɗinsa, ido da kallo, kunne da sauraro, ita kuwa zuciya daɗinta sanin Mahaliccinta. Daɗin ido yana ƙarewa a bakin kabari, na zuciya yana wucewa da mai shi. Ka ga kenan mutum yana iya zubar da hawaye alhali sa'adarsa tana nan daram.

Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki ake kiranta. Manzon Allah (SAW) ya yi hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Wa zai ce imaninsu ne ya yi rauni?

Mu da muke zaune a Kurmi abin ya fi shafarmu. Waya ce za ta zo da asuba, mahaifiya ta rasu a Katsina, kafin ka samu mota an kai ta makwancinta. Bawan Allah yana zaune a tabarmar makoki idonsa jawur, sai wani yaro da ya karanta rabin littafi ya matso yana masa wa'azi, wai mumini ba ya baƙin ciki. Haba malam! Abin da shari'a ta hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da yi wa ƙaddara tsiwa. Ka yi wa mamaciya addu'a, ka tambaye shi ko yana da kuɗin motar zuwa gida.