Fostar bango ta fi kaset tsawon rai

A shagon wani tela a Dakoro akwai kalandar da shekararta ta wuce tuntuni, amma har yau tana nan a bango, bayan keken ɗinki. Rana ta cinye janta, ƙuda sun ɗiɗɗiga mata baƙi, ƙusoshinta sun yi tsatsa. Fuskar 'yar fim Fati Mohammed ce, ta zamanin fim ɗin Sangaya. Ba don tarihi telan ya bar ta ba. Mata ne kan nuna ɗinkin jikinta su ce irinsa suke so.

Irin waɗannan takardu daga Kano suka taso, daga kasuwar Ƙofar Wambai, suka bi ta Katsina da Jibiya da Maraɗi a cikin kwalayen kaset. Kafin su, sitikar 'yan fim ɗin Indiya Hema Malini da Sridevi ce ke manne a gilashin mota da murfin akwatin amarya. Daga 1999 mujallar Fim ta zo da hotunan bangonta. Duk don talla aka buga su, a gani yau a yar gobe.

Haka aka ɗauki abin a Amurka zamanin finafinai marasa magana. Da farko ma kamfanoni ba sa bayyana sunan 'yan wasa: Florence Lawrence sai wajajen 1910 aka fara tallata ta da sunanta. Daga nan aka shiga buga fuskokin 'yan wasa mata a katin gidan waya da ƙananan katunan da ake sakawa cikin kwalin taba. To, binciken da ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kashi 70 cikin ɗari na dogayen finafinan wancan zamani sun salwanta. Fim ɗin Cleopatra na Theda Bara, na 1917, gobara ta cinye shi, sai 'yan guntaye. Adon da ta yi a ciki, yawancinsa a hotunan talla aka san shi, waɗanda wasu suka adana tun ana yi musu kallon masu tara shara.

Mu ma hanyar muka ɗauka, kuma tamu ta fi sauri. Kaset ba ya jure zafin watan Afrilu a Dakoro, faifai kuwa ƙura ta karce shi an gama. Finafinan da suka biyo bayan Turmin Danya na 1990, nawa ne za a iya kunnawa yau? Fosta fa, ko ta koɗe, tana riƙe da sunan fim da na kamfani da na darakta, tana nuna ɗaurin ɗankwalin da aka yi yayi a shekarar. Gaskiya ne ba komai take faɗa daidai ba: takan cika rabin takarda da fuskar wadda fitowarta biyu a fim, don ita ke sayar da kaset. Amma wannan ma shaida ce kan wadda kasuwa ke so a lokacin.

Abin da ke hana mu ajiyewa kunya ce. Magidanci da furfura ba zai so a tarar da hotunan 'yan fim a ɗakinsa ba, wasu kuma suna ƙyamar rataye hoto saboda addini, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai adanawa daban, ratayewa daban. Ambulan a ƙasan akwati ya isa. Abin da ke ci mini rai shi ne matan ne suka fi asara, domin da yawansu da sun yi aure suke barin fim, sunan ya bi iska. Ko Zalika Souley, wadda ta fito a fim ɗin Moustapha Alassane tun 1966, sai da Rahmatou Keïta ta yi fim a kanta kafin matasa da dama su ji labarinta. Zalika ta rasu a 2021.

Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi za ta iya ware kabad guda don wannan aiki. Kafin nan, mai karatu, in kana da tsohuwar fosta ko mujalla, kada ka bari a naɗe ƙosai da ita. Rubuta sunan fim da shekararsa a bayanta da fensir, ka ɗauke ta hoto da waya, ka ajiye ta inda gara da ɗigar damina ba za su kai ba.