Bidiyon "Sabbin Duniyoyi Bakwai": Inda Ya Yi Daidai da Inda Ya Wuce Gona da Iri

Da na je gida Babban Mutum, a ƙaramar hukumar Baure, muna hira bayan isha'i sai wani ƙanena ya miƙo mini waya. Bidiyo ne na minti uku da ke yawo a WhatsApp. Ga wata duniya shuɗiya da tekuna da gajimare, ga murya da Hausa tana cewa hukumar NASA ta gano duniyoyi bakwai irin tamu, kuma nan gaba kaɗan za a fara komawa can. Kawuna ya leƙa, ya ce, "Kai da ka yi boko, wa ya je can ya ɗauko hoton?" Na ce, "Kawu, ba wanda ya je." Ya ce, "To ashe duk ƙarya ce." Wannan hukunci nasa ne ya sa na zauna yin sharhi a kan bidiyon.

Mu fara ba mai bidiyon haƙƙinsa, don tushen labarinsa gaskiya ne. Ranarmu tauraro ce, kuma ba ita kaɗai ke da duniyoyi masu kewaya ta ba. A 1995 Michel Mayor da Didier Queloz na ƙasar Suwizalan suka gano duniya ta farko da ke kewaya tauraro irin rana, wato 51 Pegasi b, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2019. A 2025 adadin da aka tabbatar ya haura 6,000. Bakwai ɗin da yake magana a kansu ma suna nan, suna kewaya tauraron TRAPPIST-1, an kuma sanar da su a 2017.

Matsala ta farko ita ce hoton. Zane ne na kwamfuta, kuma bidiyon bai faɗa ba. Yawancin waɗannan duniyoyi ba a taɓa ganinsu ba, alamarsu ake gani. Idan duniya ta gitta ta gaban tauraronta, haskensa kan ɗan ragu, kamar ƙwaro ya gitta gaban fitilar mota da ke can nesa. Idan raguwar tana dawowa a kan lokaci, an san akwai abin da ke zagaye, zurfinta kuma ya nuna girmansa. Da wannan dabara na'urar Kepler, da aka harba a 2009, ta gano sama da 2,600. Wata dabarar ita ce lura da tangaɗin tauraro: in babba ya riƙe hannun yaro yana juya shi, shi ma babban sai ya ɗan yi layi. A nan ainihin abin mamakin yake, amma bidiyon ya tsallake shi.

Ta biyu ita ce kalmar "irin tamu". Ga masu bincike, wannan na nufin girman ya yi kusa da na tamu, kuma da alama ta dutse ce. Shi ke nan. Dubi Zara, wadda muke gani kusa da wata da magariba. Girmanta kusan ɗaya da na duniyarmu, amma zafinta ya haura digiri 450, yana narkar da darma. A 2023 na'urar James Webb ta auna zafin ta kusa da tauraron a cikin bakwai ɗin, sakamakon ya nuna da wuya in tana da iska mai kauri. Kalmarmu ta "duniya" ma tana ƙara rikita lamarin, don Bahaushe na jin ta sai ya hango mutane da gonaki da kasuwa. Mai fassara nagari sai ya tsaya ya bambance.

Ta uku, batun komawa can. Haske, da duk saurinsa, sai ya yi shekara 40 kafin ya iso mana daga TRAPPIST-1. Kumbon Voyager 1 da ke tafiya tun 1977 zai buƙaci fiye da shekara 70,000 kafin ya ci tazarar tauraro mafi kusa da rana.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne bidiyon ya sa mai kallo ya ji lamarin na Turawa ne kawai. Alhali a 2019 Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ta ba ƙasashe damar raɗa wa irin waɗannan duniyoyi suna. Najeriya ta samu tauraron HD 43197, aka sa masa Amadioha, duniyarsa kuma Equiano. Yana sashen sama ɗaya da Shi'ira, tauraron da ya fi kowanne haske da dare, wanda ke fitowa sarai a samaniyarmu lokacin hunturu. Shi Amadioha sai da na'ura ake ganinsa, amma ko yaro zai iya nuna wajen da yake.

Illar irin wannan bidiyo ita ce yana raba mutane biyu: masu gaskata har da zanen, da masu ƙaryata har da lissafin. Kalmomi uku a ƙasan hoton, "wannan zane ne", da sun hana kawuna yanke wancan hukunci. In aka sake turo maka irinsa, ka tambayi sunan tauraron, da yadda aka gano duniyar, da ko hoton zane ne.

Daga baya na kunna tocila, na gitta tsinke a gabanta, na yi wa kawu bayani. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ai da haka suka ce tun farko, da ban musa ba."