Bakin Samanja Da Alƙalamin Marubutanmu

A ranar 12 ga Nuwamba, 2023, Allah Ya yi wa Usman Baba Pategi rasuwa a Kaduna, yana da shekara 81. Mutane da dama sai a ranar suka san sunansa na yanka, domin Samanja Mazan Fama kawai suka sani, tun zamanin da akan yi cincirindo a gidan mai talabijin don kallon shirinsa daga Kaduna. Allah Ya jiƙansa, amin.

To, mene ne ya sa wannan Banufe daga Pategi ta Jihar Kwara ya zauna daram a zukatan Hausawa? Ba kyan fuska ya kawo ba, ba kuma waƙar soyayya ba. Bakinsa ne jarinsa. Ya yi aikin soja, ya saurari Hausar bariki, wadda ta cakuɗe da Turancin buroka da tsawar fareti, ya ɗauko ta ɗungurungum ya ɗora wa tauraronsa. Ko a rediyo ka ji shi, kafin ya kai ƙarshen jimla ka san wa ke magana.

Irin waɗannan 'yan wasa suna da daraja a ko'ina. A Amurka, Walter Brennan, wanda ya saba fitowa a matsayin tsoho mai ƙunƙuni a gefen jarumi, ya ci kyautar Oscar har sau uku, a 1936 da 1938 da 1940.

Sai dai ba a rasa nono a ruga. Rigar Samanja ta haɗiye mai ita, har masu kallo suka kasa karɓarsa a wani matsayi daban. Bugu da ƙari, shirin ya yi tashe ne a zamanin mulkin soja, kuma a ganina dariyar ta rage wa kakin kaifi, ta sa muka ɗauki tsawar soja abin raha alhali a waje bulala ce.

Duk da haka, 'yan'uwa marubuta, darasin yana nan. Ɗauki littattafanmu da yawa ka duba: sarki da direba da tsohuwa da 'yar makaranta duk Hausa guda suke yi, wato Hausar marubucin. In an goge sunayensu, ba mai iya rarrabe su. Alhali mu a nan Dutse albarka na ƙofar gida. Shiga kasuwar Shuwarin ka kasa kunne: dillali da Bafulatani mai sayar da sa, kowa da irin lafazinsa. Haka a tashar mota, haka a zauren dattawan Jahun da Kiyawa.

Saboda haka kafin ka ba tauraronka mota da bene, fara ba shi baki tukuna. Allah Ya sa mu dace.